Gayyar da Alhaji Hambali Ya Hana

Alhaji Hambali mutum ne da Allah ya hore wa abin hannu, ya kuma ba shi sakin hannu, amma ya jarrabe shi da abu guda: ba ya iya tsayawa a ƙarasa masa magana. Da ka buɗe baki ka ce, "Alhaji, dama na zo ne...", sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane." Nan take zai yanke hukunci ya shige mota. Sau da yawa abin da ya gane daban, abin da ya kawo ka daban. Mutanen Birnin Kudu har laƙabi suka yi masa a bayan idonsa, suna kiransa Alhaji Na-gane.

Shi ɗan manomi ne, mahaifinsa da fartanya a hannu ya tsufa. Amma da kuɗin fetur suka fara kwarara a ƙasar nan, sai Hambali ya dace da kwangilar gina kwalbatoci a babbar hanya. Cikin shekara uku ya sauke farali, ya sayi Marsandi, ya gina bene. Daga nan sai ya fara neman abin da zai sa a riƙa ambaton sunansa har Kano. Idonsa ya faɗa kan ƙwallon ƙafa.

A lokacin garin yana da kulob guda mai suna Guguwar Kudu, wanda ya shekara goma sha takwas a hannun wani tsohon malamin firamare, Malam Bappa. 'Yan wasansa duk 'yan gari ne: manoma, tela guda, mahauci guda. Kyaftin ɗinsu Sabo, ɗan baya ne mai ƙirar samudawa wanda ba a wuce shi da ƙwallo sai da izini. Filinsu yana bayan gari ta hanyar Kiyako, jikin gidan wani dattijo da ake kira Baba Maikano. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutse babu kwari, abin da ba a cika samu ba a garin da duwatsu suka kewaye.

A shekarar aka shirya gasa ta kulob takwas na kudancin Jihar Kano, aka ce wanda ya zo na ɗaya zai ɗauki kofi kuma ya hau babbar gasar jiha. Alhaji Hambali ya tara jama'a a bakin kasuwa, ya ce daga yau kulob ya dawo hannunsa. Ya canza masa suna zuwa Taurarin Hambali. Ya yanka wa kowane ɗan wasa albashi duk wata, abin da ba a taɓa ji ba a yankin. Sannan ya dafa ƙirji ya ce, "Ku shaida. In kofin nan bai kwana a Birnin Kudu bana ba, na bar ƙwallo har abada, kuma duk wanda ya ga dama ya yi mini dariya." Aka yi ta tafi. Dattawa dai suka dubi juna, don sun san ba a cika baki a kan abin da ke hannun Allah.

Aka fara gasa da sanyi. Wasa biyar na farko, Taurari suka ci uku, suka yi kunnen doki biyu. A wurin kowa wannan abin godiya ne. A wurin Alhaji kuwa kunnen doki ɗan'uwan faɗuwa ne, ya fara harara Malam Bappa.

Ran nan da bazara, ya dawo daga Kano da kwali cike da sabbin takalman ƙwallo. Ya zarce fili don ya raba da hannunsa, ya tarar babu kowa sai awaki. Ya tambaya, aka ce ai suna Kiyako. Ya ja mota a fusace. Can a wata ƙatuwar gona ya same su, 'yan wasan da yake biya albashi, wasu na sharar gona, wasu na sauke taki daga kan jakuna. Golansa, wanda yake lallaɓa hannuwansa kamar ƙwai, yana ta saran ƙaya da gatari.

"Malam Bappa, mene ne wannan?"

Malam Bappa ya share gumi ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Gayyar Baba Maikano ce. Sau uku muke yi masa duk shekara: shara, da shuka, da noman fari. Dalili kuwa, tun da muka fara ƙwallo, filin da muke..."

"Na gane," in ji Alhaji. "Ni in biya albashi, kai ka yi noma da yarana ka samu na tuwo."

"Ba haka ba ne, Alhaji. Ka ba ni minti biyu."

"Ko rabin minti ba ni da shi. Daga yau ka sauka."

Sabo ya ajiye mangalar taki ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka saurari Malam, don maganar nan tana da tushe."

"Kai ma ka bi shi. Duk mai son fartanya ya tsaya a nan, mai son ƙwallo ya shiga mota."

Mutum uku suka shiga mota. Sauran suka tsaya, suka ƙarasa sharar da suka fara. An ce a ranar ne aka fara ganin hawaye a idon Malam Bappa, don kulob ɗin nan shi ne ɗan da Allah bai ba shi ba.

Mako bai zagayo ba Alhaji ya cike gurbi. Ya sayo 'yan wasa daga Kano da Zariya da Jos, samari masu tarin suma da wando mai faɗin ƙafa. Ya ɗauko sabon koci daga Kano mai suna Ɗan'azumi. Su kuwa mutanen Gwaram, da suka ji abin da ya faru, ba su yi sanya ba. Suka aiko aka ɗauki Malam Bappa ya zama kocin kulob ɗinsu, Shahon Gwaram, suka haɗa da Sabo da wasu mutum biyar. Abin da wani ya zubar, wani ya tsinta.

Gaskiya ɗaya ce, baƙin nan sun iya ƙwallo. Suka ci wasa huɗu a jere a hannun Ɗan'azumi. A na biyar aka tafi hutun rabin lokaci an zura musu ɗaya. Alhaji ya sauko daga kujerarsa ya nufi koci. Ɗan'azumi ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, na riga na canza..." Alhaji ya ce ya gane, ya sallame shi a nan bakin fili. Canjin da mutumin ya yi shi ya kawo ƙwallo biyu bayan hutu, Taurari suka ci wasan. Amma kafin a tashi, Ɗan'azumi yana tasha yana jiran motar Kano.

Koci na uku mutumin Gana ne, Mista Mensa, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu. Wannan ya yi wa Alhaji daidai, don an huta da dogon bayani.

Akwai wani abu da ya faru a wannan tsakanin da ya kamata a riƙe. Taurari suka je wasa Dingaya, suka tarar iskar hadari ta kayar da wani ƙaton maɗaci a tsakiyar filin garin. Mutanen Dingaya suka roƙa a koma filin makaranta, ga shi nan kusa. Alhaji ya zaro littafin dokar gasa ya kaɗa wa alƙalin wasa a fuska. Doka ta ce a filin da aka yi wa rajista kaɗai ake wasa, in masu gida suka kasa ba da shi cikin awa guda, baƙi sun ci. Sarkin garin da kansa ya aiko a ba shi haƙuri, Alhaji bai bari ɗan aiken ya rufe baki ba. Ya kwashi maki biyu a ɓagas ya dawo gida ana yi masa kiɗa.

Sai ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse zuwa gonaki. Kwana biyu da saukarsa, Baba Maikano ya dogaro sandarsa ya zo ƙofar gidan Alhaji tun da hantsi. Ya zauna a dakali har aka yi azahar. Alhaji ya fito da sauri, direba ya riga ya ta da mota.

"Ɗana," in ji tsohon, "ruwa ya sauka, gonar Kiyako tana jira. Na ce bari in zo da kaina in ji ko yaran nan..."

"Na gane, Baba. Zamani ya yi tsanani." Ya sa hannu a aljihu ya danƙa masa 'yan takardun kuɗi.

"Ba roƙo na zo ba, ɗana. Maganar fili ce."

Amma ƙofar mota ta riga ta rufe. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙurar motar. Sannan ya ajiye kuɗin a kan dakali, ya ɗora ɗan dutse a kai don kada iska ta kwashe, ya kama hanyar gida.

A ranar Alhaji ya kwashe 'yan wasansa gaba ɗaya zuwa Kano. Saura wasa uku a gama gasa, biyu a waje, na ƙarshe a gida. Ya ce ba ya son hayaniyar ƙauye ta raba musu hankali. Ya kama musu otal, suna atisaye a filin ciyawa na birni, daga can suke zuwa wasa su koma. Kwana ashirin da huɗu babu wanda ya leƙo Birnin Kudu. Ana cikin haka wani direban babbar mota ya kawo masa wasiƙa daga yayarsa Hajiya Hapsatu, ya ce ta ce a karanta yanzu-yanzu. Alhaji ya ce ya san zancen, ba ya wuce na bikin 'yarta. Ya cusa ta a aljihun babbar rigarsa ta zuwa kallon wasa, ya manta.

Suka ci wasanni biyun nan. Lissafi ya tsaya haka: Taurarin Hambali na gaba da maki ɗaya, Shahon Gwaram na biye, kuma su biyun ne za su kara a wasan ƙarshe a Birnin Kudu. Ko kunnen doki aka yi, kofi na Alhaji ne. Ya sa aka ɗinka wa kofin riga ta karan-miski tun bai taɓa shi ba.

Ranar Asabar bayan azahar ayari ya taso daga Kano. Marsandi a gaba, sabuwar bas ta 'yan wasa a baya, sai akori-kura cike da makaɗa. Alhaji ya ce kada a tsaya ko'ina, a zarce fili. Tun daga nesa ya hango taro, ransa ya yi fari. Amma da suka matso sai ya lura da wani abu. Dubban mutane ne a tsaye, babu mai tafi, babu mai magana. Makaɗan ma da suka ga haka, sai kiɗan ya mutu a hannunsu.

Ya fito daga mota. Jama'a suka dare suka ba shi hanya. Ya taka har bakin fili, ya tsaya cak.

Babu fili. Daga wannan raga zuwa waccan, kunyoyi ne a jere, an yi huɗa da garmar shanu, miƙaƙƙu kamar an ja da igiya. A kan kowace kunya gero ya fito kore shar, ya kai taƙi guda, iska tana kaɗa shi. Sandunan raga suna nan tsaye inda suke, an shuka kabewa a gindinsu har ta fara yaɗo.

Alhaji ya murza ido. Ya waiga ya duba ko direba ya ɓata hanya ne. Ga gidan Baba Maikano, ga tsamiyar da 'yan kallo ke hawa. Nan ne. Ya ji kamar an ɗauke masa ƙasa daga ƙarƙashi. Mista Mensa ya sauko daga bas, ya cire hula ya riƙe, yana ta maimaita kalma guda da yarensu. Alƙalin wasan da aka turo daga Kano yana gefe da usur a wuya, ya ce shekararsa ashirin yana alƙalanci bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji Alhaji. Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"Ni ne, ɗana."

Baba Maikano ne zaune a gindin tsamiya, fartanyarsa a gefe. Mai unguwa da limamin unguwar suna tsaye kusa da shi.

"Baba, filin gari ka nome?"

"Gonata na nome. Ta ubana ce, ta kakana ce. Yau dai za ka tsaya in ƙarasa, tunda babu inda za ka."

Alhaji bai ce ya gane ba. Karo na farko ke nan.

Tsohon ya ce, "Shekara goma sha takwas da suka wuce, Malam Bappa ya zo ya ce yara ba su da wurin wasa, kuma duk garin nan babu shimfiɗaɗɗen wuri sai gonar bayan gidana. Na ce ni ba ni da ɗa namiji, wannan ce kusa, ita nake iya nomawa. Ta Kiyako ta fi girma, amma ta yi mini nisa. Sai muka yi magana a gaban liman da mai unguwa, ga su nan. Na ba yara aron wannan, su kuma duk shekara su yi mini gayya a ta Kiyako. Babu takarda, ba a taɓa saɓawa ba. Bana aka yi shara, ba a zo shuka ba. Na je gidanka, ka ba ni sadaka. Na jira ruwa na biyu, na jira na uku. Kowa yana ta tasa gonar, kuma su Sabo suna Gwaram. Ɗana, ka san farin da aka yi shekara biyu da suka wuce. Ina da mata da jikoki marayu huɗu a gidan nan, na ga yadda suka kwana da yunwa. Ba zan sake gani da idona ba saboda ƙwallo."

Liman ya ce, "Haka aka yi, Alhaji. Mu ne shaidu."

Malam Bappa ya fito daga cikin mutanen Gwaram, ya je wurin alƙalin wasa ya ce, "Mu ba mu son kofin da ba mu yi gumi a kansa ba. A koma filin makaranta, ko a ɗaga zuwa wani mako." Alƙalin ya girgiza kai. Ya ce tun abin da ya faru a Dingaya hukumar gasa ta ja musu kunne cewa yadda aka yi wa mutanen Dingaya haka za a yi wa kowa. Ya dubi agogo ya ce awa guda ta fara.

Nan Alhaji ya farfaɗo. Ya juya ga taro ya ce, "Ina matasa? A kawo fartanya da shebur a baje wurin nan. Mutum ɗari za su gama kafin awa. Baba, zan cika maka rumbu uku da gero." Tsohon ya ce, "Ga gonar nan. Ni ba zan hana ba, ba kuma zan sa hannu ba."

Babu wanda ya motsa. A ƙasar da aka ga yunwa jiya-jiya, wa zai sa fartanya ya kashe shukar da Allah ya raya? Alhaji ya dubi direbansa, direba ya sunkuyar da kai. Ya dubi 'yan wasan da ya sayo da tsada. Wani ɗan Zariya a cikinsu ya ce a hankali, "Alhaji, mu ma 'ya'yan manoma ne. Ko takawa ba za mu yi ba."

"To ni zan fara," in ji Alhaji.

Ya naɗe hannun riga, ya shiga kwarin kunya ta farko, ya sunkuya ya kama gindin gero. Jama'a suka ɗauke numfashi. Ganyen yana da sanyi a tafin hannunsa. Sai ya tuna yana ɗan shekara bakwai, ya taɓa tuge gero guda a gonarsu don wasa. Mahaifinsa bai doke shi ba. Durƙusawa ya yi ya mayar da shukar da hannunsa, ya ce, "Hambali, wannan tuwon wani ne." Alhaji ya daɗe a sunkuye. Sannan ya saki geron, ya tattaro ƙasa ya gyara masa gindi, ya fito da baya yana lura da inda yake sa ƙafa.

Hajiya Hapsatu ta ratso mata ta zo gabansa. Ta ce, "Hambali, ba ka ga takardata ba?" Ya laluba aljihu ya zaro ta, a liƙe yadda aka kawo. Ya buɗe a gaban mutane. Layi uku ne: Baba Maikano ya ce in ba a zo shuka ba zuwa Juma'a zai sa garma a fili, ka turo ko mutum goma ne, kwana ɗaya ya isa. Ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Wannan ce magana ta farko da ya bi har ƙarshenta da kansa, kuma ya makara da kwana ashirin.

Awa ta cika. Alƙali ya busa usur a bakin gonar gero, ya ɗaga hannu wajen mutanen Gwaram. Aka miƙa wa Sabo kofi, ya karɓa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Babu wanda ya yi guɗa, har suka hau motarsu. Kuma dariyar da Alhaji ya ba da izini a yi masa, babu wanda ya yi. Wannan shirun ya fi masa dariya ciwo.

Kafin sati baƙin 'yan wasa sun watse, Mista Mensa ya koma Kano. Alhaji ya cika alkawarinsa, bai ƙara zuwa kallon ƙwallo ba har ya bar duniya. Kulob ɗin da ya shekara goma sha takwas a hannun talakawa bai shekara ɗaya a hannunsa ba. Da kaka Baba Maikano ya aika masa da dami biyu na geron filin, da kabewa guda daga gindin raga.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya gaji wani aiki daga hannun wasu, kada ya rushe abin da ya tarar sai ya tambayi dalilinsa, domin sau da yawa al'adar da ido ke gani kamar ɓata lokaci ita ce ginshiƙin da ke riƙe da ɗakin. Kuɗi suna sayen ɗan wasa da koci da mota, amma ba sa sayen amanar da mutane suka ƙulla a tsakaninsu. Sau uku aka zo wa Alhaji Hambali da maganar da za ta cece shi, sau uku ya yanke ta a tsakiya. Saboda haka in ana yi maka magana, ko daga bakin wa ta fito, ka yi haƙuri ka ji ƙarshenta. Minti biyun da ya hana Malam Bappa su ne suka ci masa shekara guda, da kofi, da mutunci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.